Akwatin Nema

Ɗaki na uku, bayan ma'ajin taki,
nan aka ba ni tebur da fanka mai tari,
aka ce, "Gina mana ƙofa ɗaya
inda ma'aikaci zai rubuta kalma
takarda ta fito, a huta da fama."

Kamfanin auduga ne a Bolari,
shekara talatin da ɗoriya yana tara takardu:
rasit, wasiƙu, lissafin buhunan Kumo,
takardar hutun direban da ya rasu tun ina firamare.
An ɗauki hotonsu duka an zuba a rumbun na'ura,
gero da dawa da maiwa a buhu guda,
aka miƙo mini bakin buhun, "Bismilla, kama."

Na saki 'yar aikena cikin dare,
wata 'yar manhaja mai bin fayil-fayil tana karatu
kamar tururuwa a masussuka.
Kafin asuba ta jera kalma dubu ɗari huɗu,
kowace da kwatancen gidansu.
Na yi salla, na sha shayi wajen Ɗan'azumi,
ina taku kamar na gama.

Ranar gwaji Madam Rifkatu ta ofishin kuɗi
ta nemi takardar ƙasar da aka saya a Dadin Kowa.
Na'ura ta kawo mata direban da ya kasa kai kaya,
da mai gadin da kasa ta sara da damina,
da yadda aka kasa ribar bara kashi bakwai.
Filin kuwa yana can shafi na goma sha tara.
Tafiretar da ta buga shi ba ta san ƙugiya ba.
Kunya ta rufe ni ƙasa da sama.

Sai aka tura ni wurin Malam Jungudo,
tsohon akawu, saura wata biyu ya ajiye aiki.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Fili? Ba haka muke kiransa a nan ba.
Nemi rigimar Alhaji Bappayo,
koren fayil, ƙarƙashin na man tarakta.
Kuma Hammadu da Mamman da Muhd mai ɗigo
mutum ɗaya ne, mai awo,
yana nan da ransa yana noma."

Mako shida ina gefensa da littafi.
Ya faɗa, in rubuta, in koya wa na'ura
cewa farin kaya auduga ce,
Bature taki ne mai tsada, ba mutum ba,
watan takwas na shekarar ambaliya ba shi da rasit,
ruwa ya ci,
kada ta wahalar da kanta da nema.

Wata rana ya rage murya.
"Akwai abin da ake sani a yi shiru.
Gargaɗin da aka rubuta wa wane,
bashin asibitin wance,
kada 'yar aikenka ta kai wa mutum don kawai ya tambaya."
Na koma na yi wa kowace ƙofa makulli,
masinja ya ga nasa, manaja ya ga nasa.
Ashe rabin aikin
sanin wa za a hana ne, da wa za a ba dama.

Yau Rifkatu kan sami takarda kafin shayinta ya huce.
An yi wa Malam walima, an ba shi agogon bango,
ya koma Nafada.
Da yamma nakan duba jerin abin da mutane suka nema
don in san inda gini ke yoyo.
Jiya, ƙarfe huɗu da kwata,
wani ya rubuta "Malam Jungudo" har sau uku.
Na'ura ta ba shi takardar sallama,
shafi ɗaya, da hatimi.
Bai buɗe ba.

Ban gyara komai ba.
Na kashe fanka.
Kujerarsa na can kusurwa,
har yau babu mai zama.